Buhun Kanwar Gwaggo Yelwa

Aikin farko yau: tsince zogale, a shanya a inuwa.

Daura, Litinin

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da Maijidda da yara, ya kasuwar Kongolam? Ka yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin ayyukana na yago takardar. Na rubuto maimakon in kira, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana sai ka mai da ita wasa. Kabo direba zai miƙa maka.

Cikin Raihana ya shiga wata tara. Tana zuwa awo, kuma jininta ya ƙaru tun da na sa ta a kan hanta da wake da kwaɗon zogale. Ƙwai ma tana ci, duk da surutun maƙwabta.

Jiya saƙo ya zo daga Zango. Gwaggo Yelwa, yayar Mainasara uban Raihana, ta aiko da kayan jego: gero, yaji, ƙullin saiwoyi da ta ce maganin zaƙi ne, da buhun kanwa. Buhu guda, Yaya. Ta ce a kai mata yarinyar tun kafin ta haihu, wai haihuwar fari a gidan uba ake wanka, kuma ita ce mai wankan gidansu.

Na zauna ina kallon buhun nan har la'asar. Lokacin da Yaya Khairunnisa ta haifi Raihana kana Maraɗi, Inna kuma ta riga ta rasu, ni aka tura Zango in zauna da ita. Kai labari ka ji, ni da idona na gani. Kunun kanwa safe da yamma, kanwar har tana ɗaci. A fito daga ruwan zafi, a kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Ƙafafunta suka kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Na ce a kai ta asibiti. Gwaggo Yelwa ta ce sanyi ne, mai jego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, ta ƙara kanwa a kunun. Ni kuma ta kira ni 'yar boko, ta ce in tashi in wanke tukunya. Ba a kai arba'in ɗin ba.

Shekara ashirin ke nan, yarinyar a hannuna ta girma, ban taɓa faɗa wa matar nan baƙar magana ba. Yanzu ranata ta zo. Ba zan ba ta Raihana ba, a ɗakina za ta yi wanka. Saiwoyin na zubar, tunda ba wanda ya san me ke ciki. Buhun kuwa yana bayan ƙofa. Ranar suna, in mata sun cika tsakar gida, zan zazzage shi a gabanta in faɗa musu abin da irinsa ya yi wa 'yar'uwarmu. Sai in ga wace uwa a Zango za ta sake miƙa mata 'yarta.

Na san za ka ce na yi tsauri. Ni ma na tambayi kaina. Amma in na tuna tukunyar nan, sai in ga bai ma isa ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Haulatu

Kongolam, Laraba

Haula sarkin tsari,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, Maijidda ta ce a tambaye ki ko zogalen ya bushe. Mu ƙalau muke, sai rana.

Maganar riƙe yarinya ina bayanki. Na kira Mainasara, ya yi gunaguninsa ya gama, da ya ji Muhsin mijin Raihana ma ya fi son ta zauna kusa da asibiti sai ya ce to. Wannan an gama.

Maganar buhu ce ban yarda ba. Tsohuwar nan matan da ta yi wa wanka sun fi gashin kaina yawa, ko da yake kin san kan ya fara yashewa. Da yawansu sun tashi garau. Abin da ta gani a hannun uwarta shi ta yi, ba da niyyar kisa ba. Khairu yayarki ce, ni ƙanwata ce, ni ma ban manta ba. Amma ranar sunan ta Raihana ce, kada ki sa ta riƙa tuna haihuwarta ta fari da ihun mata.

In kin rasa yadda za ki yi da kanwar, aiko min ita, masu shanu nemanta suke yi a nan. Ga dabino da hulba a hannun Kabo, a jiƙa mata hulbar in ta sauka, an ce tana kawo nono. Ki tambayi malaman awonku tukuna, kada ni ma a ajiye min buhu bayan ƙofa.

Allah ya sauke ta lafiya.
Yayanki, Nu'uman

Zango, Asabar

Zuwa ga Haulatu,

Ni ce Yelwa ke magana, Amatullahi maƙwabciyata ke rubutawa, na ce kada ta rage komai.

Bayan gaisuwa, barka da arziki. An ce mace aka samu, an mai da sunan marigayiya, Allah ya raya. Ban zo suna ba, kuma kin san dalili. Ba a taɓa haihuwar fari a gidanmu aka yi wanka a ɗakin dangin uwa ba sai a kanki. Ba zan zo in zauna kamar baƙuwa ina kallon wata tana rabon naman kauri a jegon 'yar ƙanena ba.

Yanzu labari ya iso cewa ƙafar Raihana ta kumbura, kin ɗauke ta da ɗanyen jiki kin sa a mota, iska na dukanta, kin kai asibiti. An ce ko ludayi ɗaya na kunun kanwa ba ki ba ta ba, ruwan wankan ma mai ɗumi kamar na jinjiri. To me kike jira ya faru? Sanyi ya shige ta. Duk matan unguwarmu maganar da suke yi ke nan.

Ki fito da ita ki kawo min in gasa ta tun da wuri. Uwarta ma sanyin ne ya riga mu, don ba a matsa mata wuta da wuri ba. Ki ajiye girman kai, rai ne.

Wassalam.
Yelwa

Daura, Litinin

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Daga bencin asibiti nake rubutu, ka yi haƙuri da karkatar layi.

Ka ga dai yadda aka yi suna, ba ta zo ba, buhu ya zauna inda yake. Bayan ka koma da 'yan kwanaki, ina zuba wa Raihana farfesu na lura takalminta ya ƙi shiga. Na danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce tun jiya in ta kwanta sai tari. Yaya, kwanon hannuna sai da ya faɗi. Ban jira kowa ba, na kira Muhsin ya kawo mota.

Na haɗo maka da takardar Gwaggo Yelwa, ka karanta. Ba zan ɓoye maka ba, ta taɓa ni. Na yi wa yarinyar nan komai a tsare: kunun gyaɗa, hanta, tuwon dawa da miyar kuka, yajin jego kaɗan, wanka da ganyen darbejiya a ruwan da hannu zai iya shiga. Ko ƙwayar kanwa ba ta shiga tukunyata ba, amma ga ƙafa irin ta uwarta. Na yi ta juya abin. Ko dai duk shekarun nan kuskure nake? Ko ni ce na jawo mata?

Da likita ta zo zagaye na tare ta na tambaya kai tsaye. Ta ce zuciya ce ta yi rauni, kuma yana samun wasu matan bayan haihuwa ko ba su sha kanwa ba. Amma kanwa da gishiri da zafin da ya wuce kima suna ƙara wa zuciyar kaya, da an ɗura mata su da yanzu wata maganar ake yi. Ta ce babban abin shi ne mun zo da wuri. An sa ta a kan magani, an hana ta gishiri, kumburin ya fara sauka.

Mun zo da wuri. Wannan maganar na riƙe. Ashe ba buhun ne babban laifin Gwaggo Yelwa ba, ƙofar gidan da ta tare ce. Kuma har yau ba ta sani ba, tana can tana cewa wuta ce ta yi wa Yaya Khairunnisa kaɗan.

Na fasa zazzage buhu, ka kwantar da hankalinka. Na sami abin da ya fi shi. Zan kira ta ta zo ta gani.

Ƙanwarka, Haulatu

Daura, Talata

Gwaggo Yelwa,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Saƙonki ya same ni. Ki zo asibiti ranar Alhamis da hantsi, Kabo zai ɗauko ki. Ke kika san ƙafar mai jego. Ki duba ta Raihana da hannunki. In kin ga ta fi buƙatar wutarki, ki tafi da ita, ba zan hana ba.

A gaida Malama Amatullahi.
Haulatu

Daura, Alhamis

Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ta zo.

Ta shigo da ƙullin ganye a ka da fulas ɗin kunu a hannu, ko gaisuwata ba ta amsa sosai ba. Raihana na zaune a bakin gado tana ba da nono, ta ce, "Gwaggo, sannu da hanya. Kin ƙi zuwa suna, sai da na kwanta kika neme ni?"

Gwaggo ta ce, "Rufe min baki, miƙo ƙafar."

Ta danna da babban yatsa, wurin ya taso. Ta danna ɗayar. Sannan ta ce, "Kwanta rigingine in gani." Raihana ta miƙa min jaririyar ta kwanta. Ba tari, ba haki. Gwaggo ta tsaya a kanta tana jira, abin bai zo ba.

Ta ce, "Me suka ba ki?"

Raihana ta ce, "Ƙwayoyi ne da allura, Gwaggo. Fitsari na yi ta yi kamar an buɗe famfo."

A nan na yi magana. Na shirya kalmomi da yawa, amma kaɗan suka fito. Na ce, "Irin ta Yaya Khairunnisa ce, Gwaggo, har tarin. Daga Zango zuwa nan kuma, kafin ruwan wanka ya tafasa an iso."

Ba ta kalle ni ba. Ta juya wajen wata nas da ke gyara gadon kusa, ta ce, "'Yar nan, maganin nan sabo ne, ko tun da akwai shi?"

Nas ɗin ba ta san komai ba, ta ce, "Ai ya daɗe, Baba. Tun ba a haife ni ba ake ba da shi."

Akwai kujera, amma a ƙasa Gwaggo ta zauna. Na sunkuya na ɗora mata jaririyar a cinya na ce, "Karɓi Khairunnisa." Ta ce, "Me ake kiranta da shi?" Na ce ba mu yi mata laƙabi ba, da sunanta za a riƙa kiranta. Ta riƙe ta tana motsa baki, ban ji abin da take cewa ba. Da ta tashi tafiya ta bar ganyen da fulas ɗin a ƙarƙashin gado. Kabo ya mai da ita Zango.

Na ji daɗi, Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Raihana ta ce na yi wa tsohuwa mugunta. Wataƙila. Na ce mata ke ba ki ga uwarki a jingine ba.

Gobe za a sallame mu in Allah ya yarda. Ayyukan da ke ƙasa nawa ne, takardar ce ba ni da wata. Na ƙarshen na rubuta na soke, na sake rubutawa.

Ƙanwarka, Haulatu

Gobe:
Karɓo magani, a tambayi ranar dawowa.
Tukunyar Raihana daban, ba gishiri.
Soya gyaɗar kunu.
Buhu: a ba Kabo ya kai wa Yaya, na shanu.
Fulas ɗin Gwaggo Yelwa: a mayar mata yadda ya zo. Ita ta wanke.