Farin Katako da Ƙirya

Asabar, 3 ga Mayu
Tsohuwar kujerar lambu ta karye da Baba. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, can yake wuni a ƙarƙashin mangwaro. Ya gurje gwiwar hannu. Mama ta kira ƙaninta, Kawu kafinta, ya ƙera sabuwa.

Litinin, 5 ga Mayu
Na ce a yi ta da farin katako, irin wadda ke bangon littafin da nake karantawa, inda saurayin ya durƙusa. (Ban faɗi maganar saurayin ba.) Kawu ya yi dariya har na ga giɓinsa. Wai ƙirya zai sa. Ƙirya! Baƙa, ga nauyi, sai ka ce gindin turmi. Mutumin da ke shinshina katako kamar mai sayen turare, me ya sani game da kyau?

Alhamis, 8 ga Mayu
Ya binne guntayen katako biyu kusa da famfo, fari da baƙi. Wai wanda gara da danshi suka ƙyale, shi ya ci. "'Yar boko, ki bar ƙasa ta yi mana alƙalanci." Ƙasa. Allah ya sawwaƙe.

Juma'a, 9 ga Mayu
Na tono farin na ɓoye ƙarƙashin gado. Zan mayar ranar dubawa. Gara ta ci kanta.

Lahadi, 25 ga Mayu
Kawu ya zo yin awo. Sai wani lissafi yake da fensir a bayan kunne, kamar shi zai gina gada. Ina shanya, na ji Baba da bakin nan nasa da ya karkace yana cewa a faɗaɗa kujerar, ta ɗauki mutum biyu. Sai da ya maimaita kafin Kawu ya gane: "Wadda za ta daɗe bayana. Yayarka ta samu wurin zama."

Mama ta shige kicin, ta daɗe tana wanke tukunyar da na riga na wanke.

Litinin, 26 ga Mayu
Na mayar da farin katakon ramin. Na ƙara masa ruwa bokiti guda. Don dai a yi adalci ne kawai.

Juma'a, 13 ga Yuni
An tono. Farin ya rududduge a hannun Kawu. Ya dube shi, ya dube ni, wai ya yi zaton ɓarnar za ta fi haka. Na ce ni ina ruwana.

Laraba, 2 ga Yuli
An kawo kujerar. Mummuna ce, ba zan fasa faɗa ba. Da yamma Mama ta zauna a kanta tare da Baba tana yanke masa farce, hannunsa a cinyarta.

Ban buɗe littafina ba yau. Gobe zan tambayi Kawu wane mai ake shafa wa kujerar.