Ba Zan Zo Arba'in Ɗin Inna Ba

Parkchester, New York
Disamba, 2016

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da su Hasiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna.

Ka tambaye ni ko maguɗi aka yi a zaɓen nan. Ba a yi ba, Baba. A nan kowace jiha tana da wakilanta, su ke zaɓen shugaban ƙasa. Matar da ta faɗi ta fi wanda ya ci ƙuri'u kusan miliyan uku. Kawu Tsoho na nan New York, da sai bana ya fara zaɓe, cewa ya yi, "Ashe layin banza na bi." Na ce masa an tsara haka ne don a kare ƙananan jihohi, kada manya su danne su. Ya ce, "To ke wa ya kare ki?"

Aiki lafiya lau, kada ka damu. Sai dai takardar aikina ta shekara ɗaya ce, kuma lauyan ofishinmu ya ce in na fita yanzu, ba shi da tabbacin za a bar ni in dawo. Don haka ba zan zo sadakar arba'in ba. Ka yafe min.

Don Allah a ajiye min shuɗin mayafinta, kada a wanke.

'Yarka,
Sa'adiyya