Baba Ya Samu Sabon Uba

Zuwa ga Yaya Zubairu, a Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya kuma buɗa maka ƙofofin arziki a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. An gama girbi, gero ya yi daidai gwargwado, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwar Kanan-Bakashe da kanta. Ƙanwarmu Husaina ta sauka lafiya, namiji, an sa mishi Hafiz, kuma kunnuwanka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukar su. Ka yi haƙuri da bokona, a waya na tsince shi. Ban yi maka saƙon murya ba domin wayar Nasiru zan ara, kuma ka san cikin Nasiru ba ya riƙe ko ruwan sanyi, shi ya sa na ba Sanda direba takarda.

Yaya, na jawo magana, kuma wannan karon ta fi ƙarfina. Ka ji labarin foraj ɗin nan, rijiyar burtsatsen da ƴan mishan na Katolika suka haƙa mana bayan masallaci. Mai duba aikin wani siririn mutum ne ɗan Burkina, da ɗan farin abu a wuyan riga, bai kai arba'in ba, yana jin Hausa amma tana yi mishi gardama. Na ji ma'aikata suna ce mishi Momper, wata dattijuwa mai lulluɓi da ke zuwa tare da shi kuma Maser. Da Baba zai tarbe su a matsayinsa na maigari, sai ya kira ni ya tambaye ni sunan baƙon, tunda na cika gari da cewa na kwaso Faransanci a tashar Tasawa. Ni kuwa ban san komai ba, sai na ce sunan yanka ne, kamar Mamman a harshensu. Don tsiya kuma na ƙara da cewa a wurinsu yawan maimaita suna shi ne girmamawa. To Baba bai yi rowa ba. Momper sannu da hanya, Momper ga fura, Momper a gyara zama, tun hantsi har azahar.

Bayan la'asar ne direktan lekol, shugaban makarantar bokonmu, Mushe Sha'ibu, ya kwance mini zani a kasuwa. A gaban kowa ya yaba wa Baba da tawali'u, ya ce ba kowane dattijo mai furfura ne zai ce wa yaro ubana ba, domin ma'anar kalmar ke nan, Maser kuma ƴar'uwata. Kawu Na Allah ya miƙe ya yi wa Baba barka da samun uba bayan shekara talatin yana maraya. Baba bai yi dariya ba. Ya rantse kalmar ba za ta sake fita daga bakinsa ba, kuma ba zai fito ranar buɗe foraj ba, Alhamis ta sama, tunda ba shi da abin da zai kira baƙon da shi. Kwana shida ina gaishe shi yana kallon bango. Kai ka san abin da rashin fitowarsa ke nufi: mutanen da suka raba matanmu da jan guga gaba arba'in su zo, a shimfiɗa tabarmi, a ce maigari yana ɗaka. Kunyar ba ta gidanmu kaɗai ba ce.

Na shiga neman bakin zaren, sai ƙara cukurkuɗewa yake. In baƙon uban Baba ne, dattijuwar kuma ƴar'uwar Baba, ai ta zama ɗiyarsa, alhali ta yi jika da shi. An ce kuma ba ya aure, to ubancin daga ina? Mushe ya ce akwai ma wasu, wai Monfrer wato ɗan'uwana, da Mamer wato uwata, da wani babba sama da su duka, Monsenyar. Gida guda cike da dangi, ba a taɓa ɗaura aure ko ɗaya ba! Inna ita har yau ta tsaya a kan cewa matar ƴar ƙasar Masar ce, har ta tambaye ta ko kabarin Fir'auna na nan. Liman Abdulhamid ya ce girmama baƙo wajibi ne, amma sunan uba ba riga ba ce da ake ba da aro.

Da abin ya ishe ni, shekaranjiya na tari mutumin da kansa a bakin foraj. Na ce mishi tunda shi uban Baba ne to kakana ne, wasa ya halatta tsakaninmu, sai dai ban taɓa ganin kakan da ba shi da matar da jika zai ƙwace ba. Ya yi dariya har da share hawaye. Na tambaye shi ko Baba zai iya ce mishi Mai Rijiya, ya ce a'a, ruwan ba nashi ba ne, na Allah ne. Kawu Na Allah na kusa ya ji, yanzu yawo yake yana cewa an mallaka mishi foraj a gaban shaidu. Daga ƙarshe baƙon ya ce Baba ya kira shi da sunansa kawai, Barnabe. Amma yaushe Baba ya taɓa kiran babban baƙo da suna gatsau, kuma sunan da ya fara da ɓarna?

Yau da safe Baba ya amsa gaisuwata. Ya sa na maimaita mishi duk yadda muka yi, sannan ya tambaye ni ko iyayen mutumin na da rai. Na ce na ji uban ya rasu, uwar tana can ƙasarsu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce mutum ya baro garinsu, ba mata ba ɗa, kowa sai uba yake ce mishi, ba mai ce mishi ɗa, lalle wannan shi ne marayan. Ya ce shi ɗana zai kira shi, a gaban jama'a, in hakan ba zagi ba ne a addininsu. In kuwa zagi ne, ba zai fito ba. Mushe ya ce bai sani ba, ni kuma Baba ya ce ko sallama na fassara mishi sai ya nemi shaida. Kai ne kake zaune cikin ƴan Katolika shekara tara. Don Allah ka tambayi wanda ya sani, ka bugo wa Baba da kanka kafin Alhamis.

Ka gaishe mini da Yaya Nafisa, da Sumaiya, da ƙaramar Biba. Inna na gaishe ku, Husaina da mijinta angon ƙarni ma haka. In amsar ta zo da alheri, ka sani ka yi sabon ƙane, ni kuma na yi asarar kaka, shekaranjiya na same shi yau an mayar mini da shi wa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka da ya tuba, har zuwa Alhamis,
Sirajo