Zafin da ke kashe ogan ɗin ɗakin sujada

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwalejin Wrenholme, Farfesa Lionel Thackwray
Daga: Philippa Garrowby, makaɗiyar ɗakin sujada
Rana: Litinin, 18 ga Nuwamba, 2019
Game da: Lalacewar ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. An kafa ogan ɗin nan a 1921. Iyayen ɗalibai goma sha tara da suka tafi yaƙi ba su dawo ba ne suka ba kwaleji shi. Shekarata talatin da ɗaya ina kaɗa shi, bai taɓa kunyata ni ba.

2. Tun 7 ga Oktoba, sabon jami'in gine-gine, Mista Crispin Holroyd, ya sa aka bar na'urar ɗumama ɗaki a kunne ba hutu, saboda masu ɗaurin aure sun ce sanyi ya dame su. Itacen ogan ya bushe, fatun da ke riƙe iska sun fara tsagewa.

3. Na rubuta masa a ranakun 14 da 28 ga Oktoba, shiru. Da na tare shi a bakin ɗakin cin abinci, abin da ya ce shi ne: "Haba Baba, ki saka musu kiɗan ta waya mana, wa zai gane?" Ni zan gane, ranka ya daɗe.

4. Ranar Lahadi, 10 ga Nuwamba, ana tsaka da shirun tunawa da mamatan yaƙi, bututu ɗaya ya maƙale ya yi ta kuka shi kaɗai. Ɗalibai na ƙunshe dariya, dangin mamatan na tsaye kai a sunkuye. Sai da na kashe wutar ogan ɗin.

5. Tun ranar nake hawa matakala ashirin da biyu zuwa wurin ogan ɗin da bokitin ruwa don iskar ciki ta sami laima. Shekarata sittin da takwas.

Saboda haka ina roƙon a rage zafin nan yau, a kira mai gyara kafin sujadar waƙoƙi ta 1 ga Disamba. In hakan ya gagara, zan kawo muku makullin ogan ɗin har ofis da hannuna, in ajiye aiki. Ba zan iya zama ina jin sa yana mutuwa a ƙarƙashin yatsuna ba.

A gafarce ni in harshena ya yi kaifi.

Taku cikin biyayya,
Philippa Garrowby