Injin da Baba Ya Haɗa Daidai Gwiwar Mama

Zuwa ga ƙanwata Charlene,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Dwight da yara, kuma sanyin Alaska bai takura muku ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Cookeville sai godiya. Hawan jinin Mama ya sauka, amma idon Baba kam sai haƙuri, likita ya tabbatar ba zai sake tuƙi ba.

Kin tuna ƙaton injin nan mai silinda takwas da ya ajiye a gareji tun muna makaranta, yana cewa in ya yi ritaya zai mayar da shi cikin tsohuwar motarsa ya girgiza garin nan. Har ya sayi kawunan silinda masu manyan hanyoyin iska, da kamshaf na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, ƙofofin iskar injin, wanda ke sa mota gurnani tana rawa a tsaye. Sai dai irin wannan kamshaf yana barin bawul ya daɗe a buɗe, injin ya rasa zuƙar iskar da ke tausasa birki, birkin ya koma kamar dutse. Mama ce kaɗai za ta riƙa tuƙa Baba yanzu, ga gwiwarta yadda kika sani. In ya haɗa injin da ya yi buri, ba mai fitar da shi a ciki.

Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya mayar da kayan, ya karɓo kawuna masu ƙananan hanyoyi da kamshaf mai sanyin hali, masu ba da ƙarfi tun mota na tafiya a hankali. Da lalube ya haɗa komai, ni ina karanta masa ma'auni. Abokinsa Orval ya leƙo ya ce tsoho an sallama ke nan, an cire wa zaki haƙora, wannan ai injin zuwa coci ne. Baba ya ce masa mai zaki, naka da ke da haƙoran tun bara yana kan bulo kaji na ƙwai a ciki. Mama ma ta ce Harlan, kada gobe ka ce ni na hana ka. Ya ce ta yi shiru ta nemo takalmin tuƙi.

Ran Asabar Mama ta ja shi a motar zuwa taron tsofaffin motoci. A mahaɗar kasuwa da ɗan yatsan ƙafa ta tsayar da motar cak. Baba ya ɗora tafin hannu kan allon gaba, ya lumshe ido yana sauraro. Da suka hau babban titi ya ce Opal taka mana, ba ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarki ba. Ta taka, hularsa ta fice ta taga. Bai yarda a tsaya ɗaukowa ba.

Ki gaida Dwight, da Lacey, da ƙaramin Boone. Mama ta ce in kin zo kujerar baya ce taki, ta gaba tana da mai ita.

Yayanki,
Wendell