'Yar Wuƙarka da Mangwaron Rawayya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto maka ne yau Talata, ƙarfe biyar da minti goma na yamma, daga bayan gidanmu na Rawayya. An ɗauke ruwa minti ashirin da suka wuce. Damina ta biyu ke nan da rasuwarka, wata huɗu kuma da gama karatuna na aikin gona.

Maganar mangwaronka ce. Gara ta cinye cikinsa, da na dawo rassa biyu kawai na tarar da rai. In ban yanko tsiro daga jikinsu na aura wa ƙananan dashe ba, irin nan da kake alfahari da shi a hannuna zai ƙare.

Ka san ni da tsoron kuskure. Na ɗauki 'yar wuƙarka mai naɗewa, wadda ke zama a aljihunka tare da goro, na tafi Gusau neman shawarar wasu dattawa biyu masu tara wuƙaƙe. Alhaji Sani mutumin Tsafe ne, yana da goma sha tara, na ƙirga. Abokinsa Malam Bitrus, tsohon ma'aikacin gwamnati, nasa cikin akwatin gilashi suke, ko albasa ba su taɓa yankawa ba.

Alhaji ya juya taka ya yi dariya, wai ta yankan farce ce, wuƙa sai ta cika tafin hannu. Malam Bitrus ya ce in rabu da shi, mahauci ne da bai samu kasuwa ba, abin tambaya shi ne mutum nawa ke da irinta. Ya ƙura wa gogaggen tambarin jikinta ido, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya yi mini tayin musaya da guda biyu. Na ce sai na tambayi Inna. Amma na sayi babba a hannun Alhaji, bakinta santimita goma sha ɗaya, a farashin da har yau ban faɗa a gida ba.

Da ita na aura shida na farko. Kaurin bakinta ya dagargaza ɓawon, duka suka bushe. Reshe ɗaya ya tafi a banza.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko dutsen washinka daga gindin randa, ta ajiye a gabana. Nan na tuna yadda kake gwada kaifi a gashin hannunka, kana cewa, "Ja ɗaya ake yi, Nura. In ka koma na biyu ka ɓata."

Taka santimita biyar da rabi ce. Na wasa ta, na yi bismillah. Reshen ƙarshe ya ba ni tsiro takwas, na ɗaure kowanne da leda.

Yau kwana goma sha tara. Biyar sun fito da jan ganye, Baba! Tun safe sau huɗu ina leƙa su, har Inna ta ce zan cinye su da ido.

Malam Bitrus ya kira sau uku, ya ƙara tayi. Inna ta ce a gaya masa ya zo shan mangwaro in sun yi 'ya'ya, wuƙa kuwa tana kan aiki. Babbar ma ta samu matsayi, da ita Inna ke feren kabewa.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Inda ka samo wuƙar.
Abin da tambarin ya ce kafin babban yatsanka ya goge shi.
Ko sauran ukun za su tofo.
Ko da ka ga ɗaurina za ka kwance ka sake, kamar yadda kake yi wa igiyar akuya in na juya baya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya kai maka ladan duk wanda zai ci ɗan itacen nan ko ya huta a inuwarsa. Amin.

Ɗanka mai yawan awo,
Nura