Takardar da Ka Ba Kawu da Kujera ta Biyar

Lewisham, Landan
Lahadi, 20 ga Fabrairu, 1994

Assalamu alaikum, maigidana, sanyin idanuna, gamjin da na fake a gindinsa shekara ashirin da takwas ban taɓa jiƙewa ba. Ruwan randa a tsakiyar bazara! Hadarin farko da manomi ke ɗaga kai yana duba! Ina gaishe ka da ibada, ina gaishe ka da ƙishirwar Kumasi. Allah ya ƙara wa Hajiya rahama, ya haskaka makwancinta, ya ba ka ladan haƙurin rashin uwa.

Bari in fara da mutanen gida, don na san shi za ka fara nema. Babban ɗanka lafiya lau, yana riƙe da shago kamar kana nan, sai dai har yanzu bai iya zaɓen doya ba, masu kawowa suna cusa masa ruɓaɓɓu a ƙasan kwali. Matarsa ta yi nauyi, muna sa rai bayan babbar salla. Yayarka Amamata gwiwa ta dame ta, amma bakin nan nata ƙalau yake. Amininka Malam Inusah ya yi tari mako biyu, ya warke. Ni kuwa likita ya ce jinina ya ɗan hau, ya tambaye ni abin da nake tunani, na ce masa babu komai. Yaya zan gaya wa Bature cewa maganina yana Kumasi?

Saura 'yarka Safura. Ba ta kwanta ba, tana zuwa aikinta na jinya kullum, amma ba zan ce maka tana lafiya ba. Zoben da ka saya mata yanzu juyawa yake yi a yatsa. In an sha ruwa sai ta ci dabino ɗaya ta ce ta ƙoshi. Ta daina rera waƙa a wurin wanke-wanke, flat ɗin ya yi shiru kamar gidan da aka tashi.

Ka san dalili, hasken zuciyata. Tun ranar da Nizam, yaron nan ɗan Trinidad mai haɗa magani a asibitinsu, ya zo ya durƙusa a gabanka, ka ce: "Ban san ƙofar gidansu ba, ban san wanda ya yanka masa ragon suna ba. Ba na ba da 'yata ga iska." Kwana shida bayan haka aka bugo waya cewa Hajiya ta rasu, ka tafi da maganar a bakinka. Yau wata uku ke nan. An yi sadakar arba'in, an raba abin da za a raba, kai shiru. Ban ga laifinka ba, wallahi. Uban da ya tambayi ƙofar gida shi ne uba. Ina alfahari da wannan tsayuwar taka kamar yadda ƙauye ke alfahari da dutsensa. To amma ƙofar da ba a sani ba, ai zuwa ake yi a gan ta, ko ba haka ba?

Shi ya sa na yi ƙarfin hali. Mahaifiyar Nizam ta aiko da wasiƙa mai ladabi, ta ce mu zo mu ga gidanta da idonmu, mu tambayi duk wanda muka ga dama. Na kai wa Yaya Amamata maganar a Woolwich, tun da ita ce babba a nan. Ta ce, "Ƙanena kansa kamar ƙwallon goriba ne, amma cikinsa madara. Je ki kama mana kujeru." Sai na je ofishin tafiye-tafiye na kan babban titi na yi booking, wato na kama kujeru biyar a jirgi zuwa Port of Spain, babban birnin ƙasar: ni, da ɗanka, da Yaya, da Malam Inusah, da kai. Na rubuta sunayen da hannuna. Na dakata a na biyar, don ka san bakina bai taɓa furta sunanka ba tun da aka ɗaura mana aure. Na sunkuyar da kai ina rubutawa, kamar wani zai ji.

Ga yadda muka tsara, in ka yarda. Mu tashi Alhamis, bakwai ga Afrilu, mu dawo Talata. An sama mana masauki a unguwar St James, ɗakuna uku, ba a gidansu ba, don kada cin abincinsu ya ɗaure mana harshe. Ranar Juma'a kai da Malam ku shiga masallaci kamar baƙi masu wucewa, ku zauna da dattawa, ku ji abin da ake faɗa a kan gidan kafin a san ko ku su wane ne. Asabar mu je mu gaida uwar. Ni da Yaya za mu shiga madafa, don a can ake gane gida. Lahadi da Litinin mu huta, mu ga gari.

Yaya ta riga ta fara haɗa kaya kamar mai tafiya Makka a ƙafa: garin rogo, yaji, kuka, buta biyu, har da tsintsiya. Nizam ya yi dariya ya ce mata a can akwai rogo da kuɓewa da gwaza da mangwaro fiye da na Kumasi. Ta ce, "Ɗana, na ji, amma akwai daddawa?" Ya ce wannan kam babu. Malam kuwa ya sayi ƙaramin agogon nan mai nuna alƙibla, yana ta gwada shi a cikin bas.

Ni abin da ke hana ni sukuni daban ne. An ce awa tara ko goma jirgi yana bisa ruwa, babu tudu, babu bishiya ko ɗaya. In wani abu ya faru, ina za a sauka? Wa zai tsaya wa Safura ta ci abinci kwana biyar? In zafin can ya tayar wa Yaya da gwiwa fa? In mutanen suka zama ba na kirki ba, da wane baki zan dawo in gaya wa yarinyar nan? Ina lissafa waɗannan a kan sallaya har in manta raka'ar da nake. Amma duk tsoron nan, in na tuna kana kujerar da ke kusa da tawa, sai ya narke kamar man shanu a rana. Wane teku ne zai tsorata ni in kafaɗarka tana nan?

Yanzu bari in tuna maka wani abu, farin watana, ka yi mini haƙuri in na tsawaita.

Ka tuna kakar shekarar da ka zo Gusau da huhun goro, dogon saurayi ɗan Gana mai farar hula, kana Hausarka ta zango da 'yan matan unguwarmu ke kwaikwaya suna dariya? Ni ban yi dariya ba. Na leƙo ta ramin zana na ga yadda kake buɗe ganye a hankali, kana yayyafa wa goro ruwa kamar mai shafa kan jariri, na ce a raina: wanda ya tausaya wa goro haka ba zai wulaƙanta mace ba. Ban yi kuskure ba, ko sau ɗaya!

Ka tuna abin da Baba ya ce da ka aiko neman aurena? "Ban san ƙofar gidansu ba." Su ne kalmomin, ba ƙari ba ragi. Na yi kuka har idona ya kumbura. Kai kuwa ba ka yi fushi ba, ba ka ɗaga murya ba. Ka nemi takarda ka rubuta hanya tun daga tashar Gusau har ƙofar gidanku, gari bayan gari, da boko, don direbobi su iya karantawa. Ka miƙa wa Kawu Uwaisu. Ya yi kwana tara a bayan babbar mota, ya je, ya gani, ya dawo da ƙura har cikin kunne ya ce wa Baba, "A ba shi." Duk kwanakin nan kana zaune a gindin ceɗiyar ƙofar gidanmu kana jira, kamar zabuwa a kan ƙwai.

Ga abin da ba ka sani ba. Ranar da za a kai ni, Kawu ya sa mini takardar nan a hannu ya ce, "Riƙe wannan, ta fi duk abin da ke cikin lefenki." Na ɓoye ta a ƙasan adudu. Ta bi ni Kumasi, ta bi ni Landan. Na ga akwai layuka uku a ƙasa da ba su yi kama da sunayen garuruwa ba, amma ban iya karatu ba, kunya kuma ta hana ni ba wani ya karanta mini. Shekara ashirin da biyu ina kallonsu kamar sawun tsuntsu a kan rairayi. Da na shiga ajin manya na council, wato ƙaramar hukumar nan, ina da shekara arba'in da ɗaya, kana tsokanata kana ce mini "'yar makaranta," ka ɗauka don in riƙa karanta lambar bas ne da wasiƙun likita. Don layukan nan uku na shiga. Ranar da na iya haɗa baƙi, na rufe ƙofa bayan azahar na fito da ita. Ga abin da ka rubuta:

"Kawu, duk abin da ka gani a gidanmu ka faɗa wa Baba gaskiya, ko da zai raba ni da ita. Gara ta sami gidan kirki ba tare da ni ba, da in same ta a kan ƙarya."

Ya Allah! Na zauna a ƙasa na yi kuka irin na amarya, ina da furfura a kaina. Ashe wannan ne mutumin da nake dafa wa tuwo duk shekarun nan? Ashe zinariya nake kwana da ita ina ce mata maigida? Wace rijiya ce ta kai zuciyarka zurfi, wane kogi ne ya kai ta tsabta? Ban gaya maka ba, na bar shi a raina ina tsotsa kamar alewa.

Makon jiya Nizam ya zo. Bai san wannan labari ba, babu wanda ya sani. Ya durƙusa ya miƙo mini takarda: hanya daga filin jirgi zuwa ƙofar uwarsa, titi bayan titi, da sunan limaminsu, da na dattawa uku, har da na wani maƙwabci da ya ce ba sa shiri da gidansu, wai mu tambaye shi shi ma. Na karanta da kaina, ban nemi kowa ba. Da na ɗaga kai, wallahi farar hularka na gani.

Ba na ce ka ba shi ba. Ni wace ce da zan shiga gabanka? Cewa na yi ka zo ka gani, kamar yadda aka je aka ga naka. In ka ga abin ƙi, ni da kaina zan riƙe Safura ta yi kukanta a cinyata. Ita ma ta faɗa, da Turancinsu na 'ya'yan nan, "I'll wait for Baba," wai ba za ta ɗaga ƙafa ba sai da bakinka. Amma aikin yaron a nan zai ƙare a watan Yuni, ya koma ƙasarsu. Ina tsoron jiran nan ya cinye mini 'ya ina kallo. Kada ka zame mana inuwar giginya, maigidana, mu da ke gindinka muna cikin rana.

In faɗa maka wata gaskiya kuma, ko da za ka yi mini dariya? Tun da muka yi aure ba mu taɓa zuwa wani wuri don mu kalla kawai ba. Kullum biki, ko rasuwa, ko neman abinci. An ce birnin yana tsakanin duwatsu masu kore da teku mai ɗumi, ba irin ruwan ƙasar nan mai launin toka ba. Ina so ranar Lahadin nan mu bar Yaya da butocinta, mu zauna ni da kai a bakin ruwa, ka fasa goro ka ba ni ɓari ɗaya, kamar yadda ka yi a motar da ta kai ni Kumasi. Ban roƙi Allah fiye da haka ba a wannan azumin.

Ka zo da goro daga can, fari, zaɓin hannunka. Ba a shiga gidan mutane hannu rabbana, kuma a duniya ban ga wanda ya san goro kamarka ba.

Na sa takardar Kawu a cikin wannan ambulan. Ban taɓa kwana ba tare da ita a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, don haka ban yarda da gidan waya ba, na ba Osmanu direba da zai tashi zuwa Accra jibi, na sa ya rantse zai damƙa maka hannu da hannu. Ta tsufa, ka buɗe ta a hankali, wajen ninkin ya fara yagewa. Aro na ba ka. Ba na so a aiko mini da ita, kai nake so ka dawo da ita.

Matar ofishin ta ce za ta riƙe kujerun zuwa Juma'a, sha takwas ga Maris, bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki. In ranar ta wuce za ta sake su. Ka bugo waya shago, ko ka aiko da layi ɗaya, kafin ranar. In ba ka zo ba, babu mai tafiya, don ba zan taka ƙofar kowa a kan maganar 'yarka ba tare da kai ba.

An kusa shan ruwa, Safura tana jera kofuna. Har yau guda uku take ajiyewa, har da naka.

Taka ce tun daga ramin zana har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Zinatu